ABINCINMU DA CIWON DAJI

  Da ƙasar Madawa da Buza da Keita za mu yi misali yau.

Zancenmu na yau a kan abinci ne da ciwon daji. Za mu ga yadda masana suka kwatanta abincin ƙasashe dabam-dabam, da abin da suka gano, da abin da ya shafe mu a ciki. Ku matso kusa, ku kasa kunne. Wanda ya iya rubutu ya riƙe alƙalaminsa, akwai lambobi da za mu faɗa.

MENE NE CIWON DAJI?

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ƙwayoyin nan suna tsufa su mutu, sababbi su maye gurbinsu, kome bisa tsari. Wani lokaci wasu daga cikinsu sukan ɓaci, su yi ta yaɗuwa ba tsayawa, su zama ƙari, su ci naman da ke kusa da su. Wannan shi ne ciwon daji. Wasu suna ce masa sankara, likitoci suna ce masa kansa.

Ciwon daji iri-iri ne. Akwai na hanta, da na nono, da na bakin mahaifa, da na tumbi, da na babban hanji, da sauransu. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wurin gaisawa ko cin tuwo a akushi ɗaya.

Ciwon ba ya fitowa dare ɗaya. Yakan yi shekara 10 ko 20 yana tafasa a ɓoye kafin mutum ya ji shi. Shi ya sa gane sanadinsa ke da wuya. In ka ci ruɓaɓɓen nama yau, gobe cikinka ya ɓaci, ka san dalili. Amma wa zai tuna abin da ya ci shekara 20 da suka wuce? Don haka sai masana suka nemi wata dabara.

DABARAR KWATANCI

Dabarar nan ba baƙuwa ba ce gare ku. Manomi yakan tsaya a kan iyaka, ya dubi gonarsa, ya dubi ta maƙwabcinsa. In ya ga hatsin maƙwabci ya fi nasa kyau, sai ya tambayi kansa: me ya yi wanda ban yi ba? Taki ya sa? Iri ya sake? Ko ya riga ni shuka?

Haka masana suka yi da ƙasashe. Suka ƙidaya masu ciwon daji a wannan ƙasa da waccan. Suka duba abin da ake dafawa a nan da can. Sa'an nan suka jera lissafin biyu, suka duba inda ya yi daidai.

A shekarar 1965 aka kafa wata cibiya a birnin Liyon na ƙasar Faransa, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, domin binciken ciwon daji. Tana tattara irin wannan ƙidaya daga ƙasashe da yawa. Abin da ya fito fili shi ne, kowace ƙasa da irin dajin da ya fi damunta.

MUTANEN JAPAN DA SUKA YI ƘAURA

Japan ƙasa ce can gabashin duniya. A wancan zamani mutanenta suna cin shinkafa da kifi mai gishiri da ganyen da aka jiƙa cikin gishiri. Dajin tumbi ya yi musu yawa ƙwarai, dajin babban hanji kuwa kaɗan ne. A Amurka ana cin nama da mai da farin gari. Can dajin babban hanji ne mai yawa, na tumbi kaɗan.

Wasu suka ce ai jini ne, kowace ƙabila da gadonta. To, sai ga dubban mutanen Japan sun yi ƙaura zuwa tsibiran Hawai da sauran Amurka, sun zauna, sun hayayyafa. Masana suka bi su. A 1968 aka buga sakamako. Dajin babban hanji ya hau cikinsu tun a kan waɗanda suka yi ƙaurar. Dajin tumbi kuwa ya yi ta sauka sannu a hankali, ya fi sauka a kan ƴaƴansu.

Jininsu bai sake ba. Wurin zamansu da tukunyarsu ne suka sake. Wannan ya nuna ba gado kaɗai ke kawo ciwon ba, yadda mutum ke rayuwa yana da hannu.

Ku tuna da samarinmu na Adar da ke tafiya bida, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. A gida fura da tuwon hatsi suke ci. Can kuwa sai burodi da taliya da farar shinkafa da lemun kwalba. Ƙaura takan sake wa mutum abinci, ko ya sani ko bai sani ba.

LIKITAN DA YA AUNA BAYAN GIDA

Akwai wani likita mai fiɗa, sunansa Denis Burkitt. Ya yi aiki wajen shekara 20 a ƙasar Yuganda. Ya lura da wuya yake ganin dajin babban hanji ga mutanen ƙauye, alhali a Ingila ciwon ya yi yawa. Ya rubuta wa asibitocin karkara da dama a Afirka, suka ba shi amsa iri ɗaya.

Ku yi mana gafara, za mu faɗi maganar da ba a saba ji a rediyo ba. Shi da abokan aikinsa suka auna bayan gida. A 1972 suka bayyana cewa mutumin ƙauye a Yuganda yana fitar da fiye da gram 400 a yini, abinci yana ratsa cikinsa a wajen yini 1 da rabi. Baturen Ingila kuwa gram 100 da ɗoriya, kuma abinci yakan kwana 3 ko fiye a cikinsa.

Burkitt ya ce sirrin yana ga abin da ciki ba ya narkarwa: dusar hatsi, da ɓawon wake, da jijiyar ganye. Su ne ke cika hanji, su share shi, su sa dauɗa ta fita da wuri. Injin Turai yana cire su duka daga alkama, ya bar farin gari tas.

INDA KWATANCI KE RUƊIN MUTUM

Yanzu ku kula sosai, domin nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kwatanci yana nuna sawu, amma ganin sawu ba kama ɓarawo ba ne.

Mu koma gona. Gonar da ke fadamar Tarka ta fi wadda ke kan dutse a Buza albarka. Mai gonar fadama ya sa taki. Za ka ce taki kaɗai ne dalili? A'a. Ƙasar ba ɗaya ba ce, laima ba ɗaya ba ce, wataƙila iri ma ba ɗaya ba ne. Haka ƙasashe suke. Ruɗin iri 3 ne.

Na 1, ƙidaya. A ƙasar da asibiti ke ko'ina, kusan duk mai ciwon ana rubuta shi. A ƙauyen da ke nesa da likita, mutum yakan yi ciwo ya rasu a gida, ba wanda ya san sunan cutar. Rashin suna a takarda ba shi ne rashin ciwo ba. A Nijar sai a 1992 aka buɗe rajistar masu ciwon daji a Yamai.

Na 2, shekaru. Ciwon daji ya fi kama manya da tsofaffi. Ƙasar da tsofaffi suka yi yawa dole a fi ganinsa. Wajen rabin mutanen Nijar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Saboda haka masana sukan kwatanta tsara da tsara, ɗan 50 da ɗan 50.

Na 3, abubuwa sukan zo tare. Ƙasar da ake cin nama da yawa, sau da yawa ita ce ƙasar da ake shiga mota a bar tafiya ƙasa, ake ƙiba, ake shan taba da giya, ake haihuwa kaɗan. Wanne ne mai laifi a ciki?

Ga misali. A 1975 wasu masana 2 a Ingila, Armstrong da Doll, suka jera lissafin ƙasashe fiye da 20. Suka ga inda ake cin mai da yawa, dajin nono ya fi yawa. Mutane suka ce an kama ɓarawo. Amma da aka bi mata masu aikin jinya kusan 90,000 a Amurka, ana rubuta abin da kowace ke ci, sakamakon 1987 bai nuna masu cin mai da yawa sun fi sauran kamuwa ba. Sawun ya ɓace.

Dajin tumbi ma haka. Gishiri mai yawa yana da laifi, amma daga baya aka gane akwai wata ƙwayar cuta da ke zama cikin tumbi, wadda likitoci 2 na Ostireliya suka gano a 1982. Ita ce babbar mai laifi.

BIN MUTUM ƊAYA-ƊAYA

Da masana suka ga haka, sai suka ƙara wata dabara. Maimakon ƙasa da ƙasa, sai a ɗauki mutane masu lafiya, a rubuta abin da kowa ke ci, a bi su shekara da shekaru, a ga wa ya kamu.

Daga 1992 aka yi haka da mutane fiye da 500,000 a ƙasashe 10 na Turai. A 2003 aka bayyana cewa waɗanda suka fi cin abinci mai dusa da ganye da ƴaƴan itace, dajin babban hanji ya fi ƙaranci cikinsu. A nan sawun Burkitt ya kai gida.

An kuma yi musayar tukunya. A 2015 aka buga labarin wani gwaji. Baƙaƙen fata 20 na birnin Pittsburgh a Amurka suka ci abincin ƙauyen Afirka ta Kudu, mai masara da wake da ganye. Mutanen ƙauye 20 na Afirka ta Kudu suka ci abincin Amurka, mai nama da mai. Mako 2 kacal. Da likitoci suka duba hanjinsu, alamun haɗari sun ragu ga na Amurka, sun ƙaru ga na ƙauye. Mako 2 ba ya kawo daji, amma ya nuna hanji yana jin abin da aka ba shi nan da nan.

To, kun ji. Hatsi da dawa da wake da zogale da kuka da kuɓewa da yakuwa da tafasa, abincin da wasu ke raina wa suna ce masa na talaka, shi ne likitocin Turai ke roƙon mutanensu su koma ci.

TO, KILISHI FA?

Mun san mutanen Madawa sun ƙagara su ji, domin kilishinsu ya yi suna a Nijar duka. A 2015 cibiyar Liyon ta ce naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko magani don ya daɗe yana iya kawo dajin babban hanji. Ta ambaci sosis, da naman gwangwani, da busasshen nama mai gishiri.

Amma ku ji yawan. Wanda ke cin gram 50 kowace rana, wato kashi 1 cikin 20 na kilo, haɗarinsa yana ƙaruwa da 18 cikin 100. Ma'ana, inda ciwon zai kama mutum 100, sai ya kama 118. Magana ce ta mai ci kullum, shekara da shekaru. Wanda ke samun kilishi ran kasuwa ko tsarabar tafiya, ba da shi ake ba. Nama yana gina jiki, yara da mata masu ciki suna bukatarsa. Abin gudu shi ne mai hali ya mai da shi abincin safe da dare, ya bar wake da ganye.

NAMU CIWON: HANTA

Kada mu yi saurin murna. Kwatancin da ya yabi tukunyarmu, shi ne kuma ya tona inda muke da rauni. Dajin hanta kaɗan ne a Turai, amma yana da yawa a Afirka ta Yamma da ƙasar Sin. Rajistar Yamai ta nuna yana sahun gaba cikin dajin da ke kama maza a Nijar, kamar yadda na nono da na bakin mahaifa suke ga mata. Kuma yakan kama magidanci da ƙarfinsa, mai ciyar da gida.

Ga yadda aka gano sanadi. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Aka bincika, aka tarar an ba su tunkuzar gujiya, wato gyaɗa, da aka kawo daga Birazil, kuma ta yi funfuna. Funfunar tana fitar da wata guba da ake kira afalatoksin.

Sai aka koma kwatanci. A gundumar Muranga ta ƙasar Kenya, masana suka bi gidaje suna ɗibar abinci daga kwano, kan tudu da tsakiya da gangare. A 1973 suka bayyana cewa gangare, inda aka fi zafi, can gubar ta fi yawa a abinci, can kuma dajin hanta ya fi yawa.

Amma kun riga kun sani, sawu kaɗai bai isa ba. Akwai wani abin zargi, shi ne ƙwayar ciwon hanta mai lamba B, wadda ke shiga ta jini, ko daga uwa zuwa jariri, ko tsakanin yara ƙanana. Wanne ne cikin biyun?

A birnin Shangai na ƙasar Sin aka bi maza wajen 18,000, aka auna jininsu da bawalinsu. A 1994 ga abin da aka samu. Mai gubar funfuna kaɗai a jiki, haɗarinsa ya ninka wajen sau 3. Mai ƙwayar B kaɗai, wajen sau 7. Wanda ya haɗa biyun, wajen sau 60. Ku rubuta: 3, 7, 60. Ashe ɓarayin 2 ne, ɗaya yana haura katanga, ɗaya yana buɗe masa ƙofa.

INA GUBAR TAKE ƁUYA?

Ta fi son gujiya da masara. Hatsi da dawa sun fi su tsira, amma su ma in an zuba su rumbu da laima suna funfuna. Gujiyar da fari ya kama a ƙarshen damina, da wadda ƙwari suka huda, da wadda aka shanya a ƙasa ruwa ya doke ta, su ne suka fi haɗari.

Wuta ba ta kashe gubar. Ko an soya, ko an dafa, tana nan. In an matse mai, mafi yawanta tana zama cikin tunkuza, ta bi ƙuli-ƙuli, ta shiga kwaɗon zogale da yajin tsire da na kilishi. In an ba saniya ko akuya abinci mai funfuna, wani abu daga gubar yana fita cikin nono.

Akwai magani? Akwai, kuma ba na kanti ba ne. A yankin Kindiya na ƙasar Gine aka ɗauki ƙauyuka 20 masu noman gujiya. A 10 aka koya wa manoma su tsince miyagun ƙwaya da hannu, su shanya a kan tabarma har ta bushe sarai, su zuba a buhun da iska ke ratsawa, su ɗora buhuna kan katako, su kare su daga ƙwari. Sauran 10 suka yi yadda suka saba. Bayan wata 5 aka auna jini. A 2005 aka bayyana cewa gubar da ke jinin mutanen ƙauyukan farko ba ta kai rabin ta sauran ba. Wannan ma kwatanci ne, kuma manoma irinku ne suka yi aikin.

ABIN DA ZA MU YI

1. Mu riƙe hatsi da dawa da wake da ganye. Shinkafa da taliya da burodi su zama baƙi a gida, kada su kori masu gida.

2. Masu noman rani a fadamar Tarka da Majiya da Keita, kada a kai kome kasuwa. A bar wa gida albasa da tumatir da shu da karoti.

3. A tone gujiya kan kari. A shanya kan tabarma, ba a ƙasa ba. A bari ta bushe har ta yi ƙara in an girgiza.

4. A tsince wadda ta yi baƙi, ko kore, ko ta motse, ko mai ɗaci. A binne ta ko a ƙone. Kada a ba yara, kada a ba dabbobi, kada a yi ƙuli-ƙuli da ita.

5. A gyara rufin rumbu kafin damina. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango.

6. A kai jarirai rigakafi. Tun 2008 allurar ciwon hanta mai lamba B tana cikin allurar da ake yi wa jarirai a Nijar, a mako na 6, da na 10, da na 14. Sai an cika 3 ɗin. Kada a yi aski ko tsaga ko kaciya da aska ɗaya ga mutane da yawa.

7. A rage gishiri. A nisanci taba da giya.

8. Wanda ya ji ƙullutu a nono, ko ya ga jini a bayan gida, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama da rama, ko macen da ke ganin jini ba lokacinsa ba, ya tafi gidan likita da wuri. Tun 2021 akwai injin gashin ciwon daji a cibiyar Yamai. Dajin da aka tara da wuri ya fi jin magani.

Abinci mai kyau yana rage haɗari, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Duk wanda ya ce muku ganye kaza yana warkar da daji, ku bar asibiti, kada ku yarda. Kuma wanda Allah ya jarraba da ciwon, ba a ce masa laifinsa ne. A taimake shi, a kai shi likita.

TAMBAYOYI DON AJI

Malamai, ku tattauna waɗannan da ɗalibai, kowa ya rubuta amsa a littafinsa.

1. Me ya faru da mutanen Japan da suka koma Amurka?

2. Faɗi hanyoyi 3 da kwatanci ke ruɗin mutum.

3. Me lambobin nan ke nufi: 3, 7, 60?

4. Rubuta abin da gidanku ya ci jiya. Tambayi wani tsoho abin da ake ci a garinku yana yaro. Me ya sake?

5. Yaya ake ajiye gujiya a garinku? Me za a gyara bana?

Jama'a, nan za mu dakata. Wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba, wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.